Kiran Rawa a Arizona

Yaya Marjorie,

Ina gaida ki. Ya Vermont, ya ƙafar mijinki Alden?

Lafiyata ƙalau a Arizona, murya ce kawai ta dishe. Ni ke kiran taku a rawar layi ranar Asabar, wato ina faɗa wa masu rawa takun da za su yi. A gida Vermont, in na fara kira sai in yi shiru, goge ya ja mutane, tsofaffin hannu su riƙe sababbi. Nan gwanaye layinsu daban. Na roƙi wani ya ɗauki wata sabuwa, ya ce, "Mama, rawa na zo yi, ba reno ba." Haka nake ihun dama da hagu har kiɗa ya ƙare.

Ki aiko min zumar itacen maple saboda maƙogwaro, Allah ya saka. Kada ki faɗa min wanda ke kira a zauren rawarmu na gida yanzu. Na san shi yana samun yin shiru.

Ƙanwarki,
Lucille