Safar Hannun da Ban Ba Munir Ba

Litinin, 8 ga Yuli, 1996
Mun fara aikin koyo a gonar shanun madara da ke bayan dutsen Zuma. Mu biyu makaranta ta turo, ni da Munir, ɗan ajinmu. Shi ɗan gari ne, ni kuma ina wurin Gwaggo a unguwar Wambai. Dokta Onwuka ne mai kula da mu. Ba ya dariya, amma ya san saniya.

Alhamis, 11 ga Yuli
Balaraba ta mutu. Ita ce ta fi kowace saniya nono a garken. Munir ne ya yi mata ɗurar magani jiya, ya ɗaga kanta sama yana sauri, tana tari bai tsaya ba. Ni kwalbar kawai na miƙa masa. Da aka buɗe ta, ga maganin nan a huhu.
Dokta ya ce wa ya yi ɗurar. Munir ko ƙifta ido bai yi ba. "Mardiyya ce, Dokta. Na ce mata ta bi a hankali."
Kafin in haɗa magana Dokta ya juya.

Juma'a, 12 ga Yuli
An hana ni taɓa saniya. Wankin garwa da kwasar kashi. Dokta ya ce zai faɗa wa makaranta ban isa ba tukuna, wato in maimaita shekara. Na same shi na gaya masa gaskiya. Ya ce, "Me ya sa ba ki faɗa jiya ba?"

Talata, 16 ga Yuli
Na tare Munir a bakin rijiya. Wai in yi haƙuri, babansa ba zai ɗauki faɗuwa ba, ni kuma mace ce, ko na maimaita aure zan yi. Har da murmushi.
Gwaggo ta ce in bar shi da Allah. Na bar shi da Allah, amma ina nan kusa.

Laraba, 24 ga Yuli
Dokta ya tafi Minna. Da na shiga shara na tarar baƙar saniyar da aka sayo kwanan nan ta yi ɓari. Na duba gwiwoyinta, a kumbure. Bakkale ne, ciwon da ke sa shanu ɓari, ko tantama ba na yi, kuma yana kama mutum. Ma'aikata sun binne ɗan kafin Munir ya iso.
Mabiyiya ta ƙi fita, shi zai ciro ta. Safar hannu ta ƙare a sito. Ya ce, "Kina da ita?" Akwai a jakata. Na ga yankan wayar shinge a hannunsa, ɗanye.
Na ce babu.
Ya naɗe riga ya zura hannu har kafaɗa. Na tsaya da tsintsiyata ina kallo har ya gama.
Nononta dai na zubar, na kuma ware ta. Mutanen gari ba su yi min komai ba.

Alhamis, 1 ga Agusta
Munir lafiyarsa ƙalau. Har haushi na ji.

Litinin, 12 ga Agusta
Bai zo ba. Zazzaɓi.

Asabar, 17 ga Agusta
Ya dawo shekaranjiya, yau ya sake kwantawa. Haka ciwon yake, ya tafi ya dawo. An yi masa allurar zazzaɓin sauro, yanzu wai taifot. Su yi ta nema.
Tunda babu kowa, Dokta ya miƙo min igiya ya ce in riƙe masa saniya. Na yi wa shanu gwajin ciki, duk na faɗa daidai. Bai mai da ni wurin garwa ba.
Na ci tuwo sosai yau.

Laraba, 21 ga Agusta
Na ga mahaifiyarsa, Hajiya Ummulkhairi, a kemis ɗin bakin kasuwa. Ita ta gane ni. Ta riƙe hannuna. "'Yata, ku da kuka yi karatu, wane irin zazzaɓi ne wannan? Gumi har katifa, baya ya ƙi miƙewa." Na ce Allah ya sauwaƙe, Mama.
Hannunta sanyi. Ni dai ba ita na yi wa ba.

Lahadi, 25 ga Agusta
Gwaggo ta matsa sai na je dubiya, wai abin kunya ne. Na je ne don in gani da idona.
Ban gane shi ba da farko. Wuya kamar na zakara, idanu sun faɗa. Ya so ya tashi zaune ya kasa, sai da Hajiya ta tallafe shi. Na jira ya ce wani abu a kan Balaraba. Sannu kawai ya ce. Ko a haka bai faɗa ba.
To ya zauna da abinsa.

Litinin, 26 ga Agusta
Na kasa karyawa. Littafin cututtuka na buɗe, shafin bakkale. Idan ya daɗe yana shiga ƙashin baya, yana taɓa zuciya. Na rufe.

Talata, 27 ga Agusta
Na kai Dokta wurin baƙar saniyar, na nuna masa gwiwoyin, na ce ta yi ɓari ranar da ba ya nan, kuma Munir ya ciro mabiyiya da hannu tsirara. Sai ya ɗauki makullin mota ya ce in shiga.
Muka kai Munir asibiti, an ɗebi jininsa, an canza magani. Hajiya ta yi ta sa min albarka har na rasa inda zan sa idona.
Don shanun na yi, kada ya bazu a garke. Ban yafe ba, kuma shekarata tana nan a hannun Dokta.
Likitan ya ce ya riƙa cin abu kafin ya sha ƙwayoyin. Na ce wa Gwaggo ta dama kunun gyaɗa da safe in kai masa. Hanyata ce dai.