Galaksin da Ba a Auna Ba

Litinin, 12 ga Janairu, 2009
"Ki gane, Hasiya, ba ni ba ne, Mama ce." Da wannan Okwudili, abokin bincikena kuma saurayina, ya tare ni a ofishinmu na jami'a, ko jaka ban ajiye ba. Tun rikicin Nuwamba suka bar unguwar Laranto, shagon babansa ya zama toka. Yanzu uwarsa ba ta son ya taka unguwarmu Rikkos, balle ya auri 'yar Rikkos. Na ce to. Na tambaye shi ko ya kawo faifan bayanan bincikenmu. Ya kawo. A kan taurari bai taɓa saɓa alkawari ba.

Alhamis, 15 ga Janairu
Na koya wa 'yan ajin ƙarshe abin da muke yi. Kowane galaksi, wato garken taurari, yana zaune ne cikin wani ƙaton dunƙule marar haske wanda ya ninka shi nauyi. Ba a ganinsa, sai dai a gane shi daga yadda galaksi suke taruwa. Mu muna ƙirga na kusa da juna, mu ce dunƙulensu ɗaya. Chundung, sarkin tambaya, ta ce, "Malama, to in ba ɗaya ba ne fa?" Na ce ta karanta babi na gaba. Babu wannan a babi na gaba.

Juma'a, 23 ga Janairu
Okwudili ya mayar da teburinsa jikin taga. Wai haske.

Talata, 3 ga Fabrairu
Aikin yau ya ba ni haushi. Masu madubin hangen nesa suna huda faifan ƙarfe, kowane galaksi da raminsa, su zura waya ta ɗauko haskensa. In biyu sun matsu da juna, rami ɗaya kawai ke shiga. Sai a auna ɗaya, ɗayan a ara masa nisan maƙwabcinsa, a ɗauka tare suke. Okwudili ya ce haka kowa ke yi, mu bi. Na ce wasu fa daga nan ne kawai muke ganinsu manne, tsakaninsu tafiya ce marar iyaka. Ya ce, "Malama, ba su da yawa." Malama. Shekara nawa ina Hasiya a bakinsa.

Na sayi masa, wato waina, ta mutum biyu a bakin get, don sabo. Na cinye duka, don taurin kai.

Laraba, 11 ga Fabrairu
Okwudili ya samu gurbin karatu a Afirka ta Kudu. Daga bakin Oga Badung, shugaban sashe, na ji, yana taya ni murna. Da na shiga ofis, Okwudili ya miƙe, ya ce da ma yana shirin gaya mini. Na ce Allah ya sa alheri.

Na cire duk galaksin da aka ara wa nisa, na sake lissafin da sunana. Na bar masa makullin ofis a kan teburinsa. Masar mutum ɗaya na saya yau, ban ma lura ba sai yanzu. Da na juya zan fita ya kira sunana, na ainihi. Na ja ƙofar a hankali har ta rufu, na sauka.