Almakashin Tela a Filin Jirgi

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yara duka. Yaya ƙafar taki? Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ce. Mu nan alhamdu lillahi mun sauka lafiya. 'Yata Auta da mijinta suna ta ɗawainiya da ni, ko kofi ba sa bari in ɗauraye. Ɗan nasu ya fara haƙori, duk abin da ya kama sai baki, har fasfo ɗina ya so ya ɗanɗana. Na san Auta ta kira ki ta ce na yi kuka a filin jirgi, kuma na san hankalinki ya tashi, shi ya sa kika sake aiko da maganar in sayar da shago in dawo wajenki da zama. Kuka kam na yi, ba zan ɓoye miki ba. Amma Auta rabin labarin ta gani, kuma a waya ba na iya magana mai tsawo, muryata yankewa take yi. Shi ya sa na zauna na rubuto, ki yi haƙuri da rubutun, kin san iyakar karatuna.

Yaya, a wurin binciken kaya na gane cewa maigidana Tela ya rasu. Kada ki yi mamaki. Ina gefen gadonsa lokacin da ya cika, ke ma kin zo gaisuwa kin ga yadda na zauna ina amsa wa mutane. Amma duk watannin nan zuciyata tana ɗaukar abin kamar ya tafi sarin yadi ne ya daɗe. To a filin jirgi, bayan an karɓi manyan akwatuna, akwai wurin da kowa yake zuba jakar hannu da waya da agogo a tire na roba, su bi ta cikin wata na'ura mai ganin cikin kaya. Na kowa ya wuce, nawa aka ja gefe. Wata ma'aikaciya, ba za ta wuce sa'ar Auta ba, ta buɗe jakata ta zaro babban almakashin Tela a naɗe cikin ƙyallensa. Ta tambaye ni na wane ne, na ce na maigidana ne. Sai ta ce cikin ladabi ba a shiga jirgi da irin wannan a hannu, amma ba komai, in dai shi ya rako ni in koma in miƙa masa, wataƙila yana nan bakin ƙofa bai tafi ba. Wallahi Yaya sai da na juya. Na duba ta gilashi wajen 'yan rakiya ina neman hularsa. Na ga mazan mutane suna ɗaga hannu, na bi su ɗaya bayan ɗaya. A nan na dafa tebur, kuka ya ƙwace mini.

Za ki ce me ya kai almakashi jakata. Kin san tafiyar nan tun yana raye Auta ta shirya ta, wai mu biyu mu huta, mu ga wata ƙasa tun muna da sauran ƙarfi. Shi ya fi ni ɗoki, har riga ya ɗinka wa kansa mai aljihu ciki da waje saboda takardu. Da ya rasu na ce an fasa, Auta ta ce ba a fasa ba, an dai ɗaga. Da lokaci ya zo na je rufe shago, na lulluɓe keken ɗinki, na ɗauke yadin mutane daga ƙasa, na kashe fitila. Na kai ƙofa na dawo. Ban iya barin almakashin nan shi kaɗai kan tebur ba, sai na taho da shi gida. Auta ta gani, ta sa shi cikin babban akwati tsakanin takalma. Ashe ita ce ta yi daidai, a can an yarda ya tafi. Ni kuwa da safe da na buɗe akwatin na gan shi ƙarƙashin takalma sai raina ya ɓaci. Kin san dokar Tela. Almakashin yadi ba ya yanka takarda, ba ya faɗuwa ƙasa, ba a kuma danne shi da kaya, don in kusar tsakiya ta saki ko bakin ya goce, sai ya koma tauna yadi maimakon yanka. Ko ƙaura muka yi, keke ya hau mota, almakashi a hannunsa yake tafiya. Kin tuna faɗan da ya yi wa Auta tana ƙarama da ta yanka kwali da shi, har ta ɓuya bayan zanenki. To ni da na yi shekaru ina jin wannan, sai na zare shi a hankali na mai da shi jakar hannu, ina ganin na gyara kuskuren yarinya.

Da na ɗan dawo hayyacina, ma'aikaciyar ta kawo mini kujera. Auta ta raɗa mata abin da ya faru, yarinyar nan ta rasa inda za ta sa kanta, ta yi ta ba ni haƙuri. Na ce mata ba laifinta ba ne, aikinta take yi, ita ma Allah ya bar mata nata. Ta ce hanya biyu ce. Ko a jefa shi cikin wani akwatin ƙarfe da ke gefe, inda na hango ƙananan wuƙaƙe da kwalaben turare na mutane, wanda abin da ya shiga ba ya dawowa. Ko kuma in fita in koma wurin awon kaya in ba da jakar ta bi manyan akwatuna, amma an kusa rufe karɓar kayan jirginmu, in kuma na dawo sai na sake bin layi daga farko. Mijin Auta ya duba agogo ya duba allo. Auta kuwa ta ce Mama a haƙura, za ta saya mini sabo wanda ya fi shi in mun sauka. Na dube ta har ta sunkuyar da kai. Sai ta juya ta ce to in haka ne mu fasa tafiyar gaba ɗaya mu koma gida. Na ce ba a jefawa, ba a kuma fasawa. Mijinta ya ce in ba shi ya ruga, ya fi ni sauri. Na ce sauri kam ya fi ni, amma bai san yadda ake naɗe shi ba. Na kwashe maganina da tabarau na zuba wa Auta, na riƙe fasfo da takardar shiga jirgi, na ce su wuce da yaro su jira ni a ƙofar jirgi.

Yaya, ni da ko asibiti ban taɓa zuwa ba sai Tela yana gaba ina biye, ni ce na ratsa filin jirgin nan ni kaɗai, kowa yana tafiya gaba ni ina komawa baya. Wurin girma ne da shi, ƙasa tana sheƙi kamar an zuba ruwa, ko'ina allo da kibiyoyi, ana ta magana a lasifika ban fahimci ko ɗaya ba. Ban tsaya karanta allo ba. Na tuna mun wuce wani shagon agoguna da wani babban agogon bango, su na bi. Akwai matakala mai tafiya da kanta, wadda da zuwa sai da Auta ta riƙe ni na hau. Wannan karon na tattare zanena na taka, ban faɗi ba. Da na iso wurin awon kaya, mutumin har ya fara tattara takardunsa. Na ajiye jakar a gabansa na gaya masa gaskiya, na ce almakashin mijina ne, ya rasu, an hana ni shiga da shi. Ya dubi takardata ya ce ina da damar ƙarin kaya, amma in yi maza. Na ce maza kam zan yi, amma sai na naɗe. A kan teburinsa na ɗaure bakin da ƙyalle, na cire rigar sanyin da Auta ta saya mini saboda jirgi, na naɗe shi ciki, na cusa safa ta kowane gefe har ya daina motsi. Mutumin yana kallona, ya ce Mama ko jariri ake shiryawa sai haka. Na ce wannan ya girme shi. Ya yi dariya ya manna wa jakar takarda mai jan rubutu wai a bi da ita a hankali. Na tsaya ina kallo bel ɗin ɗaukar kaya ya ja ta ta shige bayan labulen roba. A raina na ce Tela ka yafe mini, yau almakashinka zai kwanta cikin kaya, ba ni da wata dabara da ta wuce wannan.

Na dawo na bi layi, na cire takalmi, na ɗaga hannu aka shafa ni da sandar nan mai ƙara. Yarinyar ɗazu ta hango ni, ta yi wa na gabana magana suka ba ni hanya. Ina isowa ƙofar jirgi na tarar saura su Auta kawai a tsaye, tana jijjiga yaro tana share ido. Na ce mata ta adana hawayen, ba ga ni ba. Muka bi wani dogon lungu, ban ma san mun shiga jirgi ba sai da na ga kujeru. Sun ba ni ta bakin taga, wadda Tela ya ce tun farko tasa ce, kowa ya nemi tasa. Da jirgin ya fara gudu na ji bayana ya manne da kujera, na karanta duk addu'ar da na iya har da ta cin abinci. Kunnena ya toshe, ma'aikaciyar jirgi ta ba ni alewa ta ce in tsotsa. Da na samu na leƙa, sai ga gonaki a ƙasa kamar an haɗa ragowar yadi, wani kore wani ja, hanyoyi kamar layin alli. Na ce da yana nan da ya ce wanda ya yanka wannan hannunsa bai miƙe ba. Sanyi ya dame ni tun da rigata tana can ƙasa, na daure na ɗan lokaci, sannan na ce me zai hana in tambaya, na ɗaga hannu na nemi bargo, aka kawo har biyu. Abincinsu a ɗan faranti, komai a rufe kamar magani, na ci na ƙoshi. Banɗakinsu ne kawai ban yafe ba, na danna abin ruwa ya yi wata ƙara na ɗauka da ni zai tafi. Duk sanda jirgi ya girgiza tunanina yana kan jakar, amma ban ƙara kuka ba. Da muka sauka ita ce ta fara fitowa a kan bel, jan rubutunta a sama.

Yanzu maganarki. Na gode Yaya, na san don ƙauna kike faɗa, kuma ɗakin da kika ce kin gyara mini zan zo in kwana a ciki in yi miki kwanaki. Amma shago ba zan sayar ba. Abin da ba ki sani ba, tun da hannun Tela ya fara rawa ni ce nake yanka, shi yana kan keke. Shi yake zana alli, ni nake bi, daga baya ma ya bar mini allin. Masu kawo ɗinki ba su taɓa dawo da riga sun ce ta ɓaci ba. Keke ne ban ƙware ba, wannan kuwa akwai matar maƙwabcinmu da ta iya, ta daɗe tana neman inda za ta zauna. Akwai yadin mutane a shagon da suka yi kawaici ba su tambaya ba, ba zan mayar musu da shi yadda suka kawo ba. Ban ce kewa ta tafi ba. Jiya a bakin ruwa na ga wani dattijo yana riƙe wa matarsa takalmi, na koma ɗaki na rufe ƙofa. Amma na fito da yamma, da ƙafata, ban jira an zo kirana ba.

Ki gaida maigidanki da kyau, ki ce na gode da addu'o'insa. Ki gaida Gwaggo, ki ce mata na hau jirgi na sauka da raina, ta daina cewa ƙarfe ba ya tashi. Ina gaida Dogo da amaryarsa, da 'yan biyu, da Malama in ta zo hutu. Auta da mijinta suna gaishe ki, sun ce hotuna suna tafe ta waya. Ki sa Tela cikin addu'a, Allah ya jiƙansa ya haskaka makwancinsa, mu kuma ya kyautata namu ƙarshen.

Jakar tana nan kan tebur a ɗakin da aka ba ni. Na sayi yadi ɗan kaɗan na gwaji a wani shago kusa da masauki. Har yanzu ban kwance almakashin na gwada bakinsa ba.

Ƙanwarki mai ƙaunarki.