Na karya wa Baffa hannu saboda sakamakon gwajin Abba

Gwaggo, don Allah ki taimake ni, ki karanta wannan wasiƙa har ƙarshe ko da za ki tsane ni. Kwana tara ke nan da na yi abin da ban san zan iya ba.

Ni bakanike ne, shekarata ashirin da shida. Abbanmu ya shekara ashirin da biyu yana gasa burodi a gidan burodin yayansa, wanda muke kira Baffa. Tunda na yi wayo ban taɓa ganin gashi a damtsen Abba ba, wuta ta cinye shi. Wata huɗu da suka wuce aka gano yana da kansar hanji, aka yi masa aiki, aka yanke wani sashe. Asibitin suna wani bincike, suka nemi izini su gwada ƙarin da suka cire, Abba ya sa hannu.

Ranar da muka koma, likita ya ce sun duba wasu ƙwayoyin gado da ke sa jiki ya ƙera wani sinadari da ake kira furotin idan zafi ya buge shi. Ya ce a ƙarin Abba suna aiki fiye da kima, kuma a irin haka an lura ciwon kan yi saurin dawowa, don haka za su riƙa duba shi akai-akai. Abba ya ce Allah ya sa mu dace, ya miƙe. Ni kuwa kalma ɗaya ta zauna mini a kai: zafi.

Washegari da hantsi na ajiye sifana, ko hannu ban wanke ba, na nufi gidan burodin. Na tarar da Baffa a bakin tanda yana duba tire. Ban yi sallama ba. Na fizgi ƙarfen da ake jan garwashi da shi, na fara da ƙofar tandar, na yi ta dukanta har ta ɓalle. Na kifar da tebur, ƙullu ya watse a ƙasa. Baffa ya zo zai riƙe ni yana kiran sunana, na ce masa shi ya gasa ubana da ransa, na kai masa duka. Ya tare da hannu. Gwaggo, na ji ƙarar ƙashin. Na sake ɗagawa, na same shi a gefen goshi, jini ya zubo kan farar rigarsa. Da ma'aikata uku ba su danne ni ba, wallahi ban san inda zan tsaya ba.

Baffa bai kai ni ƙara ba. A asibiti cewa ya yi zamewa ya yi. Amma labari ya riga ni isa gida. Abba, wanda ko buta sai an ɗaukar masa, ya taso daga kan katifa ya kwashe ni da mari har sau biyu, sai ya dafe ciki ya durƙusa, Umma ta saki ihu. Tun ranar in na shiga ɗaki sai ya juya fuska bango. Yayata tana karatun jinya, ta ce ban fahimci likitan ba, na hankaɗe ta ta bugi ƙofa, leɓenta ya fashe. Ita ma ta daina yi mini magana.

Kuma kada ki ɗauka Baffa waliyyi ne. Shekara da shekaru Abba na roƙonsa ya sa fanka ya buɗe taga a ɗakin tandar, yana cewa sai an ga hali. Ko da Abba ya fara ganin jini a bayan gida, sati uku ya ƙara yana aiki don babu mai karɓarsa. Amma kuma Baffan ne ke kai shi asibiti a motarsa, yanzu ga shi ba ya iya tuƙi.

Ki gaya mini gaskiya. Zafin tandar ne ya jawo? Abba mutuwa zai yi? Ni kuma yaya zan yi da kaina?

Ɗan mai gashin burodi

Ɗana,

Na karanta har ƙarshe, ban tsane ka ba, amma ba zan lallashe ka ba. Ka daki wan mahaifinka da ƙarfe a ka. Da ƙarfen ya kauce kaɗan, da yanzu maganar gawa muke yi. Ka fara amsa wannan a ranka.

Ni ba likita ba ce, don haka na kai tambayarka wurin wata likitar ciwon kansa. Ga abin da ta ce. Wannan furotin yana jikin kowa, har da ni da ban taɓa gasa komai ba. Sunan zafi ya bi shi ne don an fara lura da shi lokacin da aka ɗumama ƙwayoyin halitta a ɗakin gwaji. Aikinsa kare ƙwayar jiki idan ta shiga wahala, kowace iri. Shi ma ƙarin yakan yawaita shi don ya kare kansa. Yawansa a ƙarin Abbanku labarin halin ƙarin ne, ba shaidar cewa tanda ce ta haifar da shi ba. Yayarka ta fi ka gaskiya.

Batun mutuwa kuma, ta ce irin wannan gwaji har yanzu bincikensa ake yi, kuma yana magana ne a kan tarin marasa lafiya, ba ya yanke wa mutum ɗaya ranarsa. Abin da likitoci suka fi dubawa shi ne matakin da ciwon ya kai, ko ya yaɗu, da yadda jiki ke karɓar magani. Ba zan ce maka babu haɗari ba. Amma abin da likitan ya faɗa shi ne za su sa ido sosai, kai kuma ka ji hukunci. Ku koma wurinsa da yayarka, da takarda da biro, ku tambayi matakin ciwon da maganin da ya rage, da kuma lokacin da ya kamata ku 'ya'yansa a fara duba ku.

Ƙorafinka a kan Baffa ban watsar da shi ba. Ɗaki babu iska, da barin mai zubar jini a bakin aiki sati uku, abin faɗa ne. Sai dai hakkin Abbanka ne, da baki ake nemansa, kai kuma ka zubar da damarka ta faɗarsa a yanzu.

Ka fara da yayarka, yau ɗin nan. Sannan ka roƙi Umma ta raka ka wurin Baffa. Ka durƙusa ka faɗi abin da ka yi da sunansa, kada ka haɗa da "amma". In ya kore ka, ka tafi ka dawo. In ya sauya shawara ya kai ka hukuma, ka bi. Ka gyara ƙofar tandar da hannunka, ka karɓi tuƙin kai Abba asibiti ko da ba zai ce maka uffan a hanya ba. Kada ka matsa masa, mutum ne mai ɗinki a ciki da ɗansa ya ƙara masa ciwo.

Kuma mutum biyu ka zubar wa jini a sati ɗaya. Wannan ya wuce ɓacin rai. Ka nemi mai ba da shawara a asibitin nan, ka gaya masa duk abin da ka gaya mini, kafin a samu na uku.

Allah ya ba Abbanku lafiya, ya ɗora hannun Baffa daidai, ya sanyaya maka zuciya.

Gwaggonku