Kalandarmu Ta Raba Yarinya da Karatunta

Zuwa ga Shugaban ƙungiyarmu ta hidimar al'umma, ta Hausawa mazauna Dubai, da 'yan kwamitinsa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, ina gaishe ka da aiki, da iyali, da fama da jama'a. Ina gaida dattawan ƙungiya na Najeriya da na Nijar, Musulminmu da Kiristanmu, da duk wanda wannan takarda ta isa hannunsa.

Sunana Rabi, wadda kowa ke kira Malama. Shekara bakwai ke nan ina cikin ƙungiya. Ina aiki a wani ofishin kago, na aika kaya, a unguwar Deira, ina auna kwalaye ina rubuta sunayen masu su. Kafin in zo ƙasar nan lissafi nake koyarwa a wata makarantar 'yan mata a gida, shi ya sa kuka saka ni a kwamitin ilimi.

Ban saba kai magana gaban jama'a ba. Sau biyu na same ka a kan batun kalandarmu tun bayan da aka fara raba ta. Na farko ka ce, "Khalas, shi ke nan, Malama, za a duba." Na biyu ka ce a bi shwaiya shwaiya, wato sannu a hankali, kada a ɓata wa kowa rai. Yau sati shida ke nan. Da Hausa nake rubutu, don na san waɗanda nake gudun su karanta ba sa jin ta.

Na ɗaya, yadda aikin ya fara. Akwai mai gurasa a Al Buteen, ɗan Afghanistan, wanda muke sayen gurasar taro a wurinsa. Wata rana da na je karɓa ya ji ana ce mini Malama, sai ya gaya mini da Larabcinsa na kasuwa cewa 'yarsa tana zaune a gida, tunda masu mulkin ƙasarsu sun rufe wa 'yan mata makaranta da zarar sun gama aji shida. Na kawo maganar taro. Kai da kanka ka miƙe ka ce ƙungiya ba ta taɓa samun aikin lada kamar wannan ba, aka sayi waya ga yara huɗu, 'yarsa da wasu uku na can, mu mata uku muka ɗauki koyarwa. Wannan alheri ne, kuma ba zan ɓoye shi ba. Sharaɗi ɗaya iyayen suka kafa, cewa kada kowa ya sani. Na faɗi sharaɗin nan a taro, a tsaye, kana zaune a kujerarka.

Na biyu, yarinyar. Zan kira ta Maryam, ko da yake ba sunanta ba ne. Shekararta goma sha huɗu. Talata da Lahadi muke karatu, ƙarfe shida da rabi na safe a nan, bakwai a wajensu, kafin in fita aiki. A ɗakin da suke ajiye gari take zama, mahaifiyarta tana tsaron ƙofa. Turancinta kaɗan ne, Larabcinta bai wuce na salla ba, ni kuwa yarensu ko gaisuwa ban gama iyawa ba. Takarda ce ta haɗa mu. In rubuta in ɗaga mata, ta rubuta ta ɗaga mini. Rabe-raben lamba ya ba ta wahala ƙwarai, har sai da na sayo gurasar mahaifinta na yanka gida huɗu a gaban waya, na cinye ɗaya, na tambaye ta saura nawa. Daga ranar duk lissafin da ya gagare ta sai ta ce in kawo gurasa. Ungozoma take so ta zama, don a garinsu namiji ba ya duba mace, matan da za su duba kuma sun yi kaɗan.

Na uku, hoton. Ranka ya daɗe, ka san halinmu. Ba ma ba mutum buhun shinkafa sai mun jera shi mun ɗauke shi hoto da buhun a gabansa. A gida haka ake yi, mai karɓa ma har hula yake gyarawa, kuma ban taɓa ganin laifin abin ba. Dokar ƙungiya ce kowane rahoto ya zo da hoto. Sakataren yaɗa labarai ya hana ni sakat wata biyu, duk inda muka haɗu sai ya ce, "Malama, babu hoto, babu aiki." Ranar da Maryam ta gama littafin farko ta ɗaga mini shafin ƙarshe tana dariya, fuskarta a buɗe, tunda daga ita sai ni sai mahaifiyarta. Na danna waya na ɗauka. Na aika wa sakatare shi kaɗai, na rubuta a ƙasa cewa kwamiti kawai zai gani. Wannan laifina ne. Ni na ɗauka, ni na aika, kuma ban tambaye ta ba.

Na huɗu, garin Hatta. Kowa ya tuna fitar ƙarshen shekara. Bas biyu muka cika, mata sun sha anko, aka yi dafa-duka da gashi a kusa da madatsar ruwa. Bayan la'asar aka ce a matso za a ƙaddamar da kalandar ƙungiya. Aka yaye ƙyalle. Ga hotonka a sama da babbar riga, ga na 'yan kwamiti kewaye da kai, ga shafin watan farko, Maryam ce riƙe da littafinta. A ƙarƙashi an rubuta cikakken sunanta da na mahaifinta da na garinsu, da Hausa da Turanci, cewa tana cikin waɗanda suka amfana. Aka yi tafi. Ni ma na tafa, don hannuna ya riga hankalina. Na same ka a bakin bas kafin mu taso, na ce a dakata da rabo. Ka ce an riga an buga, kuma wa zai ga kalandar Hausawa a Afghanistan?

Na biyar, amsar tambayarka. Al'adarmu ce duk wanda muke hulɗa da shi sai mun kai masa kalanda, daga mai shago har mai wanki. Sakatare da kansa ya kai ɗaya shagon gurasa, a matsayin girmamawa, don uban ya ji daɗi. Ranar mahaifinta ba ya nan, ya tafi sabunta bizarsa. Abokin aikinsa ya karɓa ya rataye a bangon da ke kallon titi. Shagon nan kuwa nan direbobin yankinsu suke tsayawa sayen gurasa. Yini guda kalandar ta yi a bango. Wani ɗan garinsu ya ɗauke ta a waya ya aika gida, ƙila ma ba da mugun nufi ba. Kafin sati ya zagayo wasu mutane sun je gidan da tambayoyi. Wan mahaifinta, wanda gidan yake hannunsa, ya fasa wayar, ya ƙona littattafan, ya kai ta ƙauyen kakarta a cikin duwatsu, inda waya ba ta shiga. Ban ga laifinsa ba. Yana da 'ya'ya mata nasa, kuma shi ne a can, mu muna nan cikin iyakwandishan.

Ban san duk wannan ba a lokacin. Na kira Talata ba ta shiga ba, na ce ko matsalar wuta ce. Na kira Lahadi, haka. Sai na tafi shagon. Yana aiki ya gaya mini, yana manna ƙullu a cikin tanda yana cirowa, bai ɗaga murya ba, bai ko kalle ni ba. Da ya gama ya naɗe mini gurasa biyu a takarda kamar yadda ya saba, na karɓa, na hau bas na tafi ofis. Kwali talatin da wani abu na auna ranar, ban yi kuskure ko ɗaya ba.

Wasu mata a ƙungiya suna cewa Malama ta yi fushi, shi ya sa ta daina magana a taro. Ba haka ba ne. Na nemi fushin a raina ban same shi ba. Kuka ma bai zo ba. Talata da Lahadi ina tashi a lokacin da na saba, in dafa shayi, in zauna a bakin gado har lokacin fita ya yi. Abinci ina ci, barci ina yi. Kawai dai ba na jin komai, kuma ban san ranar da zan fara ji ba.

Na shida, kuma wannan ne ya sa na ɗauki biro. Maryam ba ita kaɗai ce a kalandar ba. Sauran yara ukun suna shafukan gaba, kowace da sunanta da garinta, don abokan koyarwata ma sun aika hoto kamar yadda na aika. Su har yau suna karatu, iyayensu kuma ba su san abin da ke rataye a shagunan Deira ba. Ni da Madam Ladi, mai koyar da su kimiyya, mun bi shago-shago a ranakun hutunmu muna roƙo muna yage shafukan. Goma sha bakwai muka samu. Wani ɗan kasuwa ɗan Maraɗi har ya taya mu bin maƙwabtansa, Allah ya saka masa. Waɗanda aka tafi da su Kano da Damagaram ba su dame ni ba. Abin da ya dame ni kwali biyu ne da ke ajiye a sito a Dubai Investments Park, waɗanda na ji an shirya raba su a masaukin ma'aikata tare da kayan abinci. Kowa a cikinmu ya san su waye maƙwabtan 'yan'uwanmu a ɗakunan nan, da yawansu 'yan ƙasar su Maryam ne. Sakatare ya ce mini ba zai yiwu a zubar ba, tunda hoton shugaba yana kai. Ranka ya daɗe, hotonka ya yi kyau, amma kana da wasu.

Ga abin da nake roƙo.

A hana kwalayen nan biyu fita daga sito, tun yau. A sanar da kowane mamba ya dawo da tasa, ya kuma karɓo duk wadda ya bayar da hannunsa, don kowa ya san inda ya kai. A goge hotunan daga wayoyi da zauren ƙungiya. A gaya wa iyayen yaran uku gaskiya, su zaɓa da kansu ko a ci gaba ko a dakata. A soke dokar hoto a kan duk wanda muka taimaka, sai in shi ya ce a ɗauka. Ba na neman a cire kowa daga muƙaminsa. In za a hukunta wani a fara da ni, ga kujerata a kwamitin ilimi.

Roƙo na ƙarshe ba nawa ba ne. Shekaranjiya na gaya wa mahaifin Maryam cewa ina ƙoƙarin a tattaro kalandun a ƙona. Ya tsaya da aiki, karo na farko tun da abin ya faru. Ya ce in an tattaro a bar masa shafi ɗaya. Shekara uku rabonsa da gida, wayar da yake ganinta a ciki an fasa, kalandar bango kuwa shi da kansa ya jefa a tanda ranar da ya dawo ya gan ta. Ya ce ba zai rataye ba, a ƙasan akwatinsa zai saka, ƙarƙashin tufafi. Yana so ne ranar da ya koma, inshallah, ya nuna mata, kada ta zauna a ƙauyen nan har ta fara zaton mafarki ta yi. Na ce masa to. Ban iya gaya masa cewa sha bakwai ɗin da muka samu na riga na ƙona ba. Don haka in an buɗe kwalin, a cire masa ɗaya.

Allah ya ja zamaninka, ya yi maka jagora, ya tsare maka 'ya'yanka mata a makarantunsu. Allah ya rufa wa yaran nan uku asiri. Ita kuma Maryam, Allah ya kiyaye ta a inda take.

Wassalam.

Malama Rabi,
Kwamitin ilimi.