Waƙa ta Huɗu

Belo Horizonte, 4 ga Maris

Zuwa ga mutumina Valdemir, tsohon maƙogwaron ƙungiyarmu ta Urubu Cego,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da firjin mutanen Montes Claros da kake ta kwancewa kana ɗaurawa. Ƙanwarka Jandira, uwargidana, tana gaishe ka, ta ce in tambaye ka ko har yanzu gahawa ce abincinka safe da rana. Tunda ka rantse ba za ka riƙe waya ba tun da likitoci suka yi maka aiki a wuya, dole ni ma na koma biro da takarda, kamar zamanin da muke aika kaset har Chile.

Abin da ka ji a bakin mutane gaskiya ne, mun dawo. Shekara ashirin da huɗu ba mu fitar da ko tari ba, yanzu ga sabon kundi. Ni ne dai a kan jita. Tonhão na kan ganguna da gwiwarsa mai ciwo, in ya gama waƙa mai gudu sai an ba shi kujera mai majingina. Wanda ya tsaya a gurbinka sunansa Ítalo, shekararsa talatin da ɗaya, malamin tarihi ne a sakandare. Da faifanmu ya tashi, in aka ambaci sunanka har miƙewa yake yi.

Ga matsalar. Waƙa tara muka ɗauka, kuma mun dage sai an buga baƙin faifai irin na dā. Shi kuwa takwas kawai zai ɗauka, in aka cusa ta tara sautin zai sirance, kiɗan metal irin namu mai ƙara da gurnani kuma ba ya son rama. Mun yi gardama har Tonhão ya jefe ni da sandar ganga. Ƙarshe muka yarda a miƙa maka wuƙar. Duk wadda ka ce a cire, ita za a cire, ba mai musu. Ranar ashirin ga wata za mu aika wa masu bugawa a São Paulo.

Ga faifan sidi nan a cikin ambulan. Ka saurara kai kaɗai, ka ƙure murya. Akwai abin da nake so ka ji, amma ba zan gaya maka ba.

Naka har kullum,
Genival

Montes Claros, 11 ga Maris

Genival,

Na samu takardarka, na gode. Lafiyata ƙalau, firji ma suna amsawa. Ka gaida Jandira.

Madalla da kuka tuna ina da kunne, tunda maƙogwaro ya tafi. Ban san ana gayyatar mutum ya yanka naman bikin da ba a gayyace shi ba, amma na yanka. Na ga hotonku a jikin sidin. Wa ya ba ka shawarar rina gashi? Ka bari, don girman Allah, kana da jika.

Kiɗan ba laifi. Hannunka bai mutu ba, Tonhão kuma ya yi ƙoƙari irin na mai gwiwa ɗaya. Malaminku na tarihi yana da ladabi. A yawancin waƙoƙin gurnaninsa tsaf yake, komai a kan layi, kamar mai kiran sunayen ɗalibai. Zai yi muku aiki.

Ku cire ta huɗu. Muryar ta wuce gona da iri. Ba tsari, ba horo, ana jin jan numfashi, tana shiga kafin lokaci tana danne jita. Mai wannan murya so yake a ce ga shi, ba ƙungiya ce a gabansa ba. Irin wannan haukan a bar shi a akwati, bai kamata duniya ta ji ba. Kun ce ba mai musu, to na faɗa.

Allah ya ba da sa'a,
Valdemir

Montes Claros, 17 ga Maris

Ƙanwata Jandira,

Ina gaishe ki da kyau, ke da yara da jikan nan mai kumatu. Na ba direban motar Asabar gorar man shanu da busasshen nama ya kawo miki. Wannan takarda taki ce ke kaɗai, kada mijinki ya ga ko bayan ambulan ɗin.

Na yi wa Genival ƙarya, kuma kwana shida ke nan abin yana cina. Waƙar da na ce su cire ita ce ta fi kowace kyau. Ba a kundin kaɗai ba, a duk abin da Urubu Cego ta taɓa yi.

A shago na sa ta, da rana tsaka, ina tsugune bayan wani firji. Uku na farko sun wuce ina ta murmushin mugunta, ina cewa ashe wannan ne Ítalon da ake miƙa mini. Da ta huɗu ta shigo sai na miƙe da sukundireba a hannu, ban sake tsugunawa ba har ta ƙare. Muryar daga ciki take fitowa, can ƙasan cibiya, ba tsoro a cikinta ko ƙwaya ɗaya. Akwai wani wuri da yake jan gurnani ɗaya har sai ka ce yanzu zai faɗi, maimakon ya faɗi sai ya ƙara sauka ƙasa. Wata mata da ta zo karɓar injin markaɗenta ta tambaye ni ko lafiya, na ce mata gas ne ya shiga mini ido.

Jandira, na shekara goma sha ɗaya ina wannan abu a gaban mutane, na ba shi maƙogwarona har ya cinye, amma ban taɓa kaiwa nan ba. Malamin makaranta, wanda ranar da muka fitar da faifan farko ko haihuwarsa ba a yi ba! Idan wannan waƙa ta fita, cewa za a yi Valdemir share fage ya yi kafin mai abin ya iso. Matasan da ke zuwa har shagona da tsohon faifai in sa musu hannu, su ma za su daina zuwa. Abin da ya rage mini ke nan a duniya, kin sani.

Ƙyashi ne, ba wani suna gare shi ba. Da a ce muryarsa ta yi muni da na yabe shi har ya ji kunya. Ban rubuto don a gyara komai ba, a cire ɗin nake so har yanzu. Na dai rasa wanda zan gaya wa ne.

Yayanki,
Valdemir

Belo Horizonte, 18 ga Maris

Malam Valdemir,

Bayan gaisuwa. An cire ta huɗu kamar yadda ka ce. Ba mu jira ashirin ga wata ba, jiya muka aika. Na fahimci saƙonka sarai, kuma ba zan sake damunka da maganar ƙungiya ba.

Ka huta lafiya,
Genival

Belo Horizonte, 24 ga Maris

Yaya,

Muna lafiya, saƙon ya iso, na gode. Gaisuwar ke nan, don yau ba ni da haƙurin doguwa.

Na karanta takardarka a tsaye a kicin, na zauna na sake karantawa, har wake ya kama a tukunya. Ban san ko in yi kuka ba ko in hau mota in zo in rankwashe ka. Ítalo bai buɗe baki a waƙa ta huɗu ba. Kai ne. Muryarka ce, Yaya.

Ka tuna gidanmu na Lagoinha, yadda kake jira Mama ta tafi coci ranar Lahadi ka shige banɗaki ka kulle? Rikoda biyu kake shiga da su. Ɗaya tana kaɗa maka gangar Tonhão a kunne, ɗayar tana ɗaukar muryarka ita kaɗai, wai tayil ɗin bango yana ƙara mata kauri. Ni kake ajiyewa a bakin ƙofa in yi gadi. Bara da nake kwashe kayan Mama na tsinci kaset ɗaya a cikin akwatin keken ɗinkinta, da rubutunka a jiki, 1990. Ashe ƙwacewa ta yi ta ɓoye. Ba komai a ciki sai gurnaninka, minti biyar, ba kiɗa.

Da Genival ya gama ji, sai ya ce mini: "Wannan ne dalilin da za mu dawo." Wata bakwai suka yi suna gina kiɗa a kan muryar. Da yake kai ba ka bin ma'auni, sai Tonhão ya riƙa bin numfashinka da ganga, yana zaginka yana dariya. Ítalo da kake jin zafinsa shi ya ce kada a sa tasa muryar ko a amshi. An riga an tsara bangon faifan da sunanka a cikin 'yan ƙungiya, ba a jerin godiya ba. So suke ka ji da kunnenka ka gane, ka hau mota ka zo. Kowa ya ɗauka ta bakwai za ka cire, don ita ce gurguwa.

Da amsarka ta zo na ce masa wataƙila ba ka gane ba ne, tunda rabonka da sauraron tsofaffin faifanku tun kafin aikin wuyan. Ya ce ba a yi mutumin da zai kasa gane muryarsa ba. A ganinsa ka gane, ka ƙi, har ka haɗa da gatse don ya san ba ka yafe musu ci gaban da suka yi shekara biyu ba tare da kai ba. Ya ce muryarka ce, haƙƙinka ne. Da hannunsa ya goge sunanka daga bangon, ranar bai ci abinci ba.

Baƙin faifai kam ya wuce, an riga an buga shi. Amma da sauran sidi da na intanet, sai wata mai zuwa za a rufe su. In ka yarda in nuna masa takardarka, na san mijina, zai zage ka na kwana biyu sannan ya mayar da waƙar. Sai dai fa zai karanta duk abin da ka rubuta, Ítalo ma zai sani. Ban nuna ba tukuna, don ka ce kada in nuna. Ka ba ni amsa da wuri.

Ƙanwarka da ka gajiyar,
Jandira

Montes Claros, 31 ga Maris

Jandira,

Ina gaisuwa. Kada ki nuna masa. Gara ya ɗauka na gane na ƙi, wannan aƙalla girman kai ne, kuma ya saba da shi a wurina. Ki ce wa Ítalo na gode, kada ki ce don me.

Na rufe shago yau, na saurari waƙar sau goma sha ɗaya. Yanzu ina jin wurin da yake shiga kafin ganga, na san halina ne. Na zaci in na tabbatar ni ne abin da ke ƙirjina zai sauka. Bai sauka ba, ƙanwata. Yaron da ke cikin kaset ɗin, ni na 1990, shekararsa ashirin da uku, yana da komai a wuyansa, bai ma san yana da shi ba. Da Ítalo ne, da wata rana zan iya yafe masa.

Ki gaida yara.

Yayanki,
Valdemir