Rediyon da Ka Aiko a Saya wa Baba

Pauwa, ta hannun Ƙanƙara,
11 ga Janairu, 1976.

Zuwa ga Yaya Barau,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka lafiya a Ikko, Ya tsare ka a wurin aikinka na tashar jirgin ruwa. Mu nan muna nan. Baba yana cin abinci kaɗan-kaɗan, an gama sussukar dawa, akuyar nan ja ta haifi biyu. Kawu Labaran ya ce ya buga maka waya a kan rasuwar Inna a Makka, kwana huɗu bayan Sallah. Alhazan garinmu sun kawo akwatinta, har yanzu ba a buɗe ba. Mutane suna zuwa gaisuwa, ina kai musu ruwa, ina amsawa. Ban yi kuka sosai ba, ban san dalili ba.

Yaya, maganar rediyo nake so in faɗa maka. Ka rubuto a saya wa Baba na goron Sallah, don ya ji gaisuwar alhazai da ake sakawa da La'asar, ko Allah zai sa ya ji muryar Inna. Ranar kasuwar Ƙanƙara ta ƙarshe kafin Sallah Kawu ya tafi da ni, ya ce ni ce na yi makaranta. Muka shiga sabon kantin nan na Alhaji Gide. Cike yake, kowa da kuɗi a hannu, ana ta ɗaukar agogo da fulas da atamfa. Alhajin ba ya nan, ya tafi Kano sayo kaya. Wanda ke tsaye wurin rediyo wani ɗan'uwansa ne, babban mutum mai furfura, da aka ɗauko daga ƙauye saboda cinkoson Sallah. Kawu ya tambaye shi wanne ya fi kama Kaduna, ya ce duk suna kamawa, amma babba ya fi. Ya murɗa mana wani mai jikin katako, ya yi ƙara sosai. Ban lura cewa injin wutar kantin yana aiki a baya ba.

Na tambaya a hankali ina ake sa batir. Sai da Kawu ya maimaita masa, don bai ji ni ba. Ya juya shi sama da ƙasa bai ga wurin ba, sai ya ce irin na zamani ne, da ƙarfinsa a ciki ake yin sa. Da ya zare wata baƙar igiya daga bayan kanta yana naɗewa, Kawu ya ce ta mece ce, ya ce eriya ce, a rataye ta sama. Raina bai kwanta ba. Akwai takarda a kwalin, na so in karanta, amma mutane suna turo mu, mutumin kuma ya ce yarinya ta bari manya su gama magana. Sai na bari, Kawu ya biya, muka taho da shi.

Ran Sallah da La'asar aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Baba ya sa farar rigarsa, maƙwabta suka taru. Aka murɗa, shiru. Aka rataye igiyar a kan dalbejiya, shiru. Wani ya ce a ƙara sama, aka ɗaura ta a gora, wani ya ce a sa shi a rana ya sha zafi. Har aka kira Magariba ana abu ɗaya. Da na zauna na karanta takardar da kyau, na gane da lantarki yake aiki, igiyar kuma ta wuta ce. Ka san mu ko sandar wuta ba mu da ita. Washegari da sauran kwanakin Baba ya riƙa zuwa gidan Malam Rabo yana sauraro a ƙaramin nasa mai batir. Bai ji ta ba, muka ce ba ta samu shiga ba ne.

Sai da Gwaggo Mero ta zo daga Faskari gaisuwa ta ce ai ta ji Inna, ran Sallah ɗin, ana cikin alhazan Katsina. Ta ce muryarta garau. Wai Inna ta gaida Baba, ta gaishe ka, ta ce ta yi wa kowa addu'a a Arfa. Daga nan ta ce a faɗa wa Talatu, wato ni, sai yaran gidan Gwaggo suka shigo da ihu da nama a hannu, Gwaggo ba ta ji sauran ba. Na tambaye ta sau uku. Na sa an tambaya a Ƙanƙara har da Sabuwa, waɗanda suka ji ba su riƙe ba, kowa nasa yake jira.

Kawu ya koma kantin. Mutumin ya riga ya koma ƙauyensu. Alhaji Gide ya ba da haƙuri, ya ce a kawo a canza. Baba ya ce a bar shi. Rediyon yana ɗakinsa, an rufe shi da zane. Ba wanda ya ce laifina ne.

Yaya, idan za ka taho gida ka tsaya Kaduna, ka je gidan rediyon ka tambaya ko suna ajiye muryoyin. Ka ce musu Mairo matar Malam Sanusi ta Pauwa, ran Sallah da La'asar. Ko ba za su ba ka ba, su bari ka ji, ka rubuta mini abin da ta ce kamar yadda ta faɗa. Ko faɗa ne, ina so.

Baba yana sa maka albarka. Kawu Labaran da Gwaggo Mero suna gaishe ka. Ka gaida matarka Yaya Hajaratu da yara. Allah Ya jiƙan Inna, Ya kawo ka lafiya.

Ni ce ƙanwarka,
Talatu Sanusi.